Darasin Fiƙihu: Matafiyi a Kan Keke da Sallar Ƙasaru

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wata tafiya da na yi a kan keke daga Kano zuwa Katsina, tafiyar da ta haura kilomita 160. Na ɗaure guzuri da gorar ruwa da famfo da kayan faci a bayan keke, na fita bayan sallar Asuba, na bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa. Niyyata in yada zango a Kankiya wajen goggona, wadda na shekara uku ban taka gidanta ba.

Tambaya ta farko: shin mai keke yana ƙasaru? E, yana yi. Shari'a ba ta duba abin hawa ba, nisan tafiya ta duba. Asalin hukuncin yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, nisan shi ne baridi 4, watau mil 48, kimanin kilomita 80. Azahar da La'asar da Lisha su ake mayarwa raka'a bibbiyu, ban da Magariba da Asuba. Kuma ba a fara ƙasaru sai an wuce gidajen gari.

Tambaya ta biyu ita ce ta kama ni. Na isa Kankiya da almuru, ƙafafuna sun yi nauyi. Da na yi sallama, Goggo ta fito tana cewa, "Lale marhabin! Ashe Malam ƙarami bai manta hanya ba?" Kunya ta rufe ni, na durƙusa na gaishe ta. Da ma kwana ɗaya na ƙudurta, saboda haka ina nan a matsayin matafiyi, na sallaci Lisha raka'a biyu. Sauka gidan dangi kawai ba ya yanke ƙasaru.

Da gari ya waye na lura ƙafarta ta kumbura, ga dawarta a gona ba mai girbewa. Ta ce, "Ɗana, ko za ka ƙara mana kwanaki?" Na ce, "Goggo, sai na yi mako." To, a nan hukunci ya juya. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ya zama mazauni tun daga lokacin niyyar, ba sai kwanakin sun cika ba. Don haka Azahar ta ranar raka'a huɗu na yi. Da na ci gaba da ƙasaru, da sai na rama. Haka nan wanda ya shiga garinsu, ko garin da matarsa da suka tare take zaune, cika salla zai yi ko da kwana ɗaya ne. Ranar da na kama hanyar Charanchi zuwa Katsina kuwa ban yi ƙasaru ba, domin ragowar tafiyar ba ta kai mil 48 ba.

Iyaye da ɗalibai, ku lura da wani abu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa sada zumunci yana buɗe arziki, yana sa albarka a rayuwa. Hausawa kuma sun ce zumunta a ƙafa take. Da na wuce Kankiya ban tsaya ba, da ban san halin da 'yar'uwar mahaifina take ciki ba, alhali haƙƙinta yana wuyana.

Tambayoyi:
1. Mil nawa ne nisan da ke halatta ƙasaru?
2. Waɗanne salloli ne ba a yi musu ƙasaru?
3. Me ya sa Malam ya cika Azahar a Kankiya?
4. Wane ɗan'uwa ne ka daɗe ba ka ziyarta ba? Ka je a wannan hutu.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani. Wallahu a'alamu.