Kyanwar ma'ajiyar abincin bisashe: yadda za a kula da ita idan ta haihu

Duk ƙungiyar da ta tara buhunan dusa da angurya don tsallake rani ta san ɓarnar kusu: ya huda buhu, ya ci, ya ɓata sauran da fitsari. Shi ya sa a rangadina nake yawan tarar da kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa, a ma'ajiyar ƙungiyoyi. Tana da amfani ƙwarai. Amma idan ta haihu bisa buhunan, illar na iya kai wa ga tumaki da awakinku. Ga abin da nake gaya wa masu tsaron ma'ajiya.

Wurin haihuwa

Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, kuma yawanci takan haifi ƴaƴa 3 zuwa 5. Da kun ga cikinta ya yi nauyi, ku ajiye mata kwali ko tsohon kwando da tsumma mai tsabta a wani lungu mai duhu, kusa da ma'ajiya amma ba cikinta ba, inda kare da muzuru ba sa isa. A makonni 3 na farko jariran ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. Da hunturu ku kare su daga iska, da bazara ku nesanta su daga rufin kwano. Idan ta yi fiye da rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa ya fito, ku kira ma'aikacin kiwo.

Me ya sa ba bisa buhuna ba?

Akwai wata cuta mai suna toksofilasmoz. Kyanwa na ɗaukar ta idan ta ci kusu ko ɗanyen nama, ta zubar da ƙwayoyinta cikin kashi na kusan mako 2, kuma ƙananan da suka fara farauta su suka fi zubarwa. Tunkiya ko akuya mai ciki da ta ci dusar da kashin ya taɓa tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa matacce. Ƙwayar ba ta fara kamawa sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 a ƙasa. Don haka ku zuba mata yashi a wani kusurwa, a kwashe kullum a binne, a ɗora buhuna bisa katako a rufe da tamfol. Mace mai juna biyu kada ta yi wannan shara, domin cutar na iya taɓa abin da ke cikinta.

Abincin uwa da ƴaƴa

Mai shayarwa na buƙatar abinci ninki 2 zuwa 3 na wanda ta saba. Wasu na cewa idan ta ƙoshi za ta daina kama kusu. Ba haka ba ne, yunwa ce ma ke sa ta bar wurin. Ku ba ta dafaffen kayan ciki, kifi ko ƙwai, da ruwa mai tsabta. Madarar saniya mai yawa na sa ta zawo.

Kamar ɗan maraƙi, ɗan kyanwa sai ya sha dakashi a ranar farko. Ana haifar shi da nauyin kusan giram 100, ya ninka cikin mako guda. Idanu na buɗewa tsakanin kwana 7 da 14. Kada a buɗe su da hannu. Sukan fara lasar abinci a mako na 4, a yaye su a mako na 8. Ku hana yara yawan ɗaukar su, in ba haka ba uwar za ta kwashe su, sau da yawa zuwa bayan buhunan.

Idan uwar ta mutu, ku nemi wata mai shayarwa. In babu, a ba su nonon akuya mai ɗumi da sirinji marar allura duk awa 2 zuwa 3, suna kwance bisa ciki. Bayan kowane sha a goge ƙarƙashin wutsiya da jiƙaƙƙen tsumma, domin da kansu ba sa iya fitsari da kashi.

Magungunan da ke kashe kyanwa

Maganin kaska na shanu, wanda ake fesawa ko ake zubawa a gadon baya, guba ne gare ta. Farasitamol, ko ƙwaya ɗaya, na iya kashe ta. Maganin kusu kuma na kama kyanwar da ta ci mushen, don haka ba a haɗa shi da ita a ma'ajiya ɗaya. Maganin tsutsar ciki da na ƙuma, ma'aikacin kiwo ne zai zaɓa ya auna.

Haukan kare na kama kyanwa ma. Daga wata 3 ku kawo ƴaƴan a yi musu rigakafi. Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya je asibiti a ranar. Ina ba kowace ƙungiya shawarar ta ɗora wannan aiki kan mutum guda a taronta na gaba, ta kuma ware ɗan kuɗin abincin kyanwar cikin lissafin ma'ajiya.