Haihuwa da Mutuwa a Kasuwar Manhaja: Darasi Daga M-Pesa

Masana ilmin halittu, idan za su ƙididdige yawan kifi a tafki, abu biyu suke fara dubawa: nawa ake haifa, nawa kuma suke mutuwa. Haka lissafin yake ga kamfanin da ya ƙirƙiro manhaja ko wata hidima ta wayar salula. Sabon abokin ciniki tamkar haihuwa ne, wanda ya daina amfani da hidimar kuwa tamkar mutuwa ne. Kamfanoni da yawa sukan zuba kuɗinsu wajen talla domin jawo sababbi, su manta da ƙofar baya wadda tsofaffi ke sulalewa ta cikinta.

Alal misali, a ɗauka manhaja tana da mutum 1,000, kuma kowane wata kashi 10 cikin 100 suna barinta. Idan ba a sami sababbi ba, bayan wata 12 mutum 282 ne za su rage. Idan kuwa aka rage masu fita zuwa kashi 5, to 540 ne za su rage. Bugu da ƙari, idan kamfanin yana samun sababbi 100 a kowane wata, yawan jama'arsa zai tsaya cik a 1,000, domin a nan ne masu shiga suka yi daidai da masu fita. Da zarar masu fita sun koma kashi 5, sai wannan iyaka ta ɗaga zuwa 2,000, ba tare da an ƙara ko kwabo a kuɗin talla ba.

Yadda M-Pesa ta samo asali

M-Pesa hidima ce ta aika kuɗi ta waya a ƙasar Kenya, kalmar "pesa" kuwa kuɗi take nufi a harshen Sawahili. A shekarar 2005 kamfanin Vodafone na Ingila da Safaricom na Kenya suka gwada ta a Thika da wasu unguwannin Nairobi, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Manufar farko ita ce masu karɓar ƙananan rance daga cibiyar Faulu su riƙa biyan bashinsu ta waya. Amma sai masu gwajin, ƙarƙashin Nick Hughes da Susie Lonie, suka lura jama'a suna yin abin da ba a tsara ba. Wasu 'yan kasuwa sun mai da ita wurin ajiyar ciniki da dare. Matafiya sukan zuba kuɗi kafin su hau mota, su cire idan sun isa, don gudun ɓarayi. Wasu kuma katin waya suke saya su tura wa 'yan'uwansu a ƙauye.

A nan ne hikimar take. Maimakon a tilasta wa jama'a bin tsarin da aka zana a ofis, sai aka ajiye batun rance gefe. Da aka ƙaddamar da hidimar a watan Maris na 2007, saƙo ɗaya tak aka yi talla da shi, wato aika kuɗi gida. Ɗan ci-rani a Nairobi, wanda a da yake damƙa kuɗi ga direban bas ya kai wa mahaifiyarsa, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane amfanin wannan. Ba a nemi waya mai tsada ko intanet ba, ko wace irin ƙaramar waya tana yi. Rajista kyauta ce, zuba kuɗi ma haka. Kafin ƙarshen shekarar masu rajista sun haura miliyan ɗaya.

Matsalar ƙarancin jama'a

Wani masanin dabbobi ɗan Amurka, Warder Clyde Allee, ya nuna a shekarun 1930 cewa wasu halittu ba sa bunƙasa idan sun yi ƙaranci ƙwarai, domin samun abokin barbara da kare kai daga maƙiya sukan yi musu wuya. Hidimar aika kuɗi ma haka take, ba ta da amfani ga wanda ba shi da mai karɓa. Tsakanin mutum 10 akwai hanyoyin hulɗa 45, tsakanin mutum 100 kuwa akwai 4,950. Safaricom ya tsallake wannan siratsi ta hanya biyu. Da ma mafi yawan masu waya a Kenya layinsa suke riƙe da shi. Sa'an nan aka ba da damar aika kuɗi ga wanda bai yi rajista ba, amma a farashi mafi tsada, saboda haka mai aikawa da kansa yake matsa wa mai karɓa ya je ya yi rajista.

Riƙe mutanen kuwa aiki ne marar armashi, amma shi ne ƙashin bayan al'amarin. An ɗauki ƙananan masu shaguna a matsayin wakilai, kusan irin masu POS da aka saba gani a kasuwannin Nijeriya a yau. Babbar matsalarsu ita ce kuɗi daga birni suke fitowa, a ƙauye ake cire su, don haka tsabar wakilin ƙauye kan ƙare da wuri. Tsohuwar da ta yi tattaki sau biyu ta tarar babu kuɗi, da wuya ta yi na uku. Dole ta sa aka tsara manyan wakilai da bankuna masu ƙara wa ƙanana tsaba. Har ila yau, bayan kowace hulɗa saƙon tes yakan shigo nan take da shaidar abin da aka yi da ragowar kuɗi. Daga baya aka yi ta ƙara dalilan zama: M-Shwari ta ajiya da rance a 2012, Lipa na M-Pesa ta biyan kuɗin kaya a shaguna a 2013, da Fuliza ta cike giɓin asusu a 2019. Wani bincike na Tavneet Suri da William Jack a mujallar Science ta 2016 ya ƙiyasta cewa hidimar ta fitar da gidaje 194,000 daga talauci, ko da yake wasu masana tattalin arziki sun yi jayayya da wannan adadi.

Sai dai irin da ya yi albarka a fadama ba lalle ya tsiro a jigawa ba. Kamfanin Vodacom ya kai M-Pesa Afirka ta Kudu a 2010, ya rufe ta a 2016. A can mafi yawan manya suna da asusun banki da katin cirar kuɗi, wato gurbin da M-Pesa ta tarar babu kowa a Kenya, wasu sun daɗe da mamaye shi.

Aikin aji

Malami na iya ba ɗalibai wannan: manhaja tana samun sababbi 300 a wata, tana rasa kashi 20 cikin 100. A ina yawan jama'arta zai tsaya? Idan kuma aka ninka masu shiga, ko aka rage masu fita zuwa kashi 8, wanne ne zai fi ɗaga wannan iyaka?