Yadda Ake Gane Matsalar Difarenshal da Inda Ya Kamata a Kai Mota

Difarenshal shi ne ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan mota ta sha kwana. A motoci masu ja da baya, irin su Hilux da Hiace, yana cikin tulun nan na tsakiyar bak-aksil. A Corolla da Golf kuwa yana cikin giyabos. Bayanin nan ya fi shafar masu ja da baya.

Ka fara da kunne. Samu titi mai kyau, ka kashe rediyo, ka taka totur sannan ka saki. Idan ƙugin na tashi in ka taka, ya lafa in ka saki, galibi haƙoran kiraun da piniyon na cikin difarenshal ne suka cinye. In sai ka ɗage ƙafa yake kuka, ka zargi boris ɗin piniyon. Ƙarar da ke sauyawa in ka karkata sitiyari dama ko hagu kuwa, yawanci boris ɗin taya ne. "Ƙwas" lokacin sa giya sau da yawa kuros ɗin furofela ne. Waɗannan biyun gyaransu da sauƙi, kuma abin takaici ne a sauke wa mutum aksil lafiyayye saboda su.

Sai duba mai. Ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe, ka kwance noti na zubawa kafin na juyewa, don in ya cije kada a bar ka da aksil ba mai. Zura yatsa: man ya kamata ya kawo bakin ramin. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, abin da ke faruwa da damina bayan an ratsa ambaliya. A kan maganaɗisun notin ƙasa, laka mai laushi ruwan toka ba abin tsoro ba ce. Ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa shi ne alamar ɓarna. Duba bakin furofela da bayan tayoyi ko sil na yoyo. Man da aka saba zubawa GL-5 ne, 80W-90 ko 75W-90, amma ka bi littafin motarka.

To ina za a kai ta? In garanti bai ƙare ba, garejin dila kai tsaye. Kada wani ya taɓa. Suna da tsada, kuma sun fi son canza kan difarenshal gaba ɗaya. Tsohuwar mota kuwa, makaniken da aksil ne sana'arsa ya fi dacewa. Tambaye shi da me yake saita haƙora. Wanda ya nuna maka agogon auna tazarar haƙora, da fentin da ake shafawa don ganin inda suke haɗuwa, ka ba shi aikin. Mai cewa hannunsa ya saba, ka wuce, domin saiti mara kyau na cinye sababbin haƙora.

In za ka sayi difarenshal na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ku ƙirga haƙora tare da mai sayarwa. Misali, in naka kiraun mai 41 ne da piniyon mai 10, dole ka samu irinsu, musamman a mota mai ja gaba da baya.