Idan Firinta Ta Ƙi Aiki Bayan An Sauya Babbar Manhajar Kwamfuta

An shirya wannan darasi domin hakimai da uwayen ƙasa da malamansu na ƙasar Morai, da sauran gundumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Dalili kuwa shi ne, ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Saboda haka kwamfuta mai ƙarfi a kan mai da ita kan Windows 11, wadda ta tsufa kuwa a kan sa mata Linux, watau irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda ba a biyan kuɗinsu. To, sau da yawa da an gama wannan sauyi sai firinta ta yi shiru, musamman wadda a ke aika mata aiki ta iska.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin al'amari. Mutumin da ya yi sammako daga ƙauye, ya biya kuɗin babur, ya bi hanyar da kowa ya san halinta, domin takardar shaidar asalin ɗansa, bai kamata a ce masa ya komo jibi ba. Haka kuma takardar rikicin gona, ko rahoton tsaro da za a aika wa masarauta, ba daidai ba ne a kai su shagon buga takardu na kasuwa, inda ido ya yi yawa. Ga yadda malami zai bi har ya gano inda ɓarnar ta ke.

1. YADDA TAKARDA KE TAFIYA

Takarda ta kan bi hannu huɗu kafin ta fito. Na fari kwamfuta, inda malami ya rubuta ta. Na biyu rauta, watau na'urar da ke raba waifai cikin ofis. Na uku ɗan akwatin nan da ke bayan firinta, wanda ke karɓar aiki ta iska ya miƙa mata ta wayar USB. Shi za mu riƙa kira akwatin aike. Na huɗu ita firinta kanta.

Sa'ad da aka sauya babbar manhaja, hannun farko kaɗai aka taɓa. Kwamfuta ta zama kamar sabon malami da aka kawo gunduma: bai san harshen mutanen wurin ba, bai san gidan kowa ba, bai kuma san ƙofar da a ke sallama ba. Abubuwa uku ke nan su ka ɓace mata, watau tafinta, da lambar gida, da ƙofa. Sauran hannuwan uku suna nan yadda su ke jiya.

Don haka ga gargaɗi na fari: kada a danna ɗan ramin da ke mai da akwatin aike kan saitinsa na kanti. In aka danna, sunan waifai da kalmar sirri da lambar gida duk za su goge, alhali faifan da ya zo da akwatin wataƙila ba zai yi aiki kan sabuwar manhaja ba.

Sai kuma a lura, bugu ta iska ba ya bukatar data ko sabis. Saƙon daga wannan tebur ya ke zuwa wancan, ba ya fita ofis. Ko irin rufe layukan waya da aka yi a Jihar Zamfara cikin Satumba 2021 ba zai hana shi ba, muddin akwai wuta. Saboda haka kada a kashe kuɗi wajen sayen data da nufin gyaran firinta, sai fa in za a sauko da direba.

2. A FARA DA FIRINTA ITA KAƊAI

A duba wuta da takarda da tawada. A buɗe murfi a ga ko takarda ta maƙale, a kakkaɓe ƙurar hunturu. Sa'an nan a sa ta buga shafin gwajinta daga maɓallan jikinta, yadda littafinta ya nuna. In shafi ya fito, firinta lafiya lau ta ke, sai a ci gaba. In bai fito ba, aikin makanikin firinta ne, babu ruwan sauyin manhaja.

3. TAFINTA, WATAU DIREBA

Ko wace irin firinta da harshenta, direba kuwa ita ce 'yar manhajar da ke fassara mata rubutun kwamfuta. Direbar Windows ba ta aiki kan Linux. Haka kuma Windows 11 ba ta karɓar tsohuwar direba mai lamba 32, sai mai 64, ko da ya ke tsohon faifan da ke cikin durowa wataƙila mai 32 kaɗai ya ƙunsa.

Ga gwajin da za a yi. A zare wayar USB daga akwatin aike, a soka ta kai tsaye jikin kwamfuta, a sa direba, a buga shafi guda. A sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar, bisa ga cikakkiyar lambar da ke jikinta. Kada a ɗauko ta daga ko wane shafi aka ci karo da shi, gama ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shiga. A kan Linux, firintocin HP suna da tarin direbobi mai suna HPLIP, da yawa daga na Epson da Canon kuma suna cikin Gutenprint.

In takarda ta fito ta waya, tafinta ya samu. A mai da wayar jikin akwatin aike, a kashe firinta da akwatin, a kunna firinta tukuna, sa'an nan akwatin.

4. LAMBAR GIDA

Ko wace na'ura da ke kan waifai tana da lamba mai gaɓa huɗu, alal misali 192.168.0.10. A rautocin ofis na yau da kullum, gaɓoɓi uku na farko su ne sunan unguwa, ta huɗu ita ce lambar gida. Lalle ne kwamfuta da akwatin aike su zama 'yan unguwa ɗaya.

Da fari a tabbata kwamfuta tana kan waifan ofis, ba kan na wayar wani ba, ba kuma kan layin baƙi ba. Layin baƙi ya kan hana na'urori ganin juna da gangan. Don sanin lambar kwamfuta, a buɗe baƙin allon umurni a rubuta ipconfig a Windows, ko ip a a Linux. Lambar akwatin kuwa za a same ta a shafin rauta, cikin jerin na'urorin da ke haɗe da ita.

Daga nan sai a yi wa akwatin sallama. A rubuta ping, a bar fili, a rubuta lambarsa. In amsa ta riƙa komowa, hanya a buɗe ta ke. In babu amsa, ko dai unguwa ta bambanta, ko akwatin ya faɗo daga waifai. A tuna, yawancin ƙananan akwatunan nan zangon 2.4 kaɗai su ke ji, ba su jin zangon 5, tsofaffinsu kuma ba su san kullen WPA3 ba, sai WPA2. In an sauya rauta ko kalmar sirri a rana ɗaya da manhaja, nan za a fara zato.

5. ƘOFA

Sabuwar manhaja ta kan nemi firinta da kanta, amma tsohon akwati ba ya shelar kansa, don haka ba lalle ta gan shi ba. Sai a gabatar da shi da hannu. Ƙofofin da aka saba uku ne. Akwai ƙofa 9100, wadda ke karɓar aiki ɗanye ba tare da wata tambaya ba. Akwai ƙofa 515, ta tsarin LPR, wadda ke neman sunan layi. Akwai kuma ƙofa 631, ta tsarin IPP, wanda sababbin firintoci ke bi.

A Windows 11, a shiga wurin ƙara firinta, a zaɓi ƙarawa da hannu ta adireshin TCP/IP, a rubuta lambar akwatin, a zaɓi direbar da aka riga aka gwada ta waya. A fara da 9100. In ta ƙi, a koma LPR a rubuta sunan layi daidai yadda ya ke cikin littafin akwatin, harafi bisa harafi. Akwai kuma wani tsarin kāriya na bugu da aka shigo da shi cikin Windows 11 a 2024. In an kunna shi, ba ya yarda da direbobin kamfanoni, saboda haka mai tsohuwar firinta sai ya bar shi a kashe.

A Linux, mai kula da bugu shi ne CUPS, wanda ya fito tun 1999. A buɗe burauza a rubuta localhost:631, a shiga sashen ƙara firinta. Don ƙofar ɗanyen aiki a rubuta socket://192.168.0.10:9100, don LPR kuwa lpd://192.168.0.10/ sa'an nan sunan layi. A maye gurbin wannan lamba ta misali da ta akwatinku.

6. ALAMU DA MA'ANARSU

In firinta ta yi ta zubo shafuna masu baƙaƙe marasa ma'ana, hanya ta yi kyau amma tafinta ba nata ba ne. A kashe ta nan da nan kada takarda ta ƙare, a share layin aiki, a sauya direba.

In Windows ta ce firinta ba ta nan, alhali ping yana amsawa, a buɗe saitin ƙofar a cire alamar da ke gaban SNMP. Tambaya ce Windows ke yi wa akwatin, shi kuwa bai iya amsa ta ba, sai ta ɗauka ba ya gida.

In jiya ta yi aiki yau ta ƙi, a tambaya ko an ɗauke wuta. Sa'ad da rauta ta sake tashi ta kan yi sabon rabon lambobi, akwatin ya sami wata, kwamfuta kuwa tana ta aike zuwa tsohon gida. Magani shi ne a shiga shafin rauta a keɓe wa akwatin lamba guda ta dindindin. A inda a ke yawan sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da sola, wannan shi ne gyara mafi muhimmanci.

In fitilar firinta tana ƙiftawa, tana jiran takarda alhali akwai takarda, a duba girman shafi. Sabuwar manhaja ta kan zo da awon Amurka, mu kuwa A4 mu ke amfani da shi.

In Linux ta tara ayyuka ba ta sakin ko ɗaya, wani lokaci CUPS ne ya dakatar da firintar bayan kuskure guda. A shiga shafinsa a share tsofaffin ayyuka, a umurce shi ya ci gaba.

7. FIRINTAR DA BA TA SHIRI DA AKWATI

Waɗansu ƙananan firintoci sun dogara ga kwamfuta ƙwarai. HP LaserJet 1020, alal misali, duk sa'ad da aka kunna ta sai kwamfuta ta aika mata 'yar manhajar cikinta kafin ta iya bugu. Irin waɗannan su kan ba da wahala ta akwatin aike. Masu ƙera akwatuna su kan fid da jerin firintocin da ke shiri da su, sai a duba. In babu taku a ciki, a haɗa ta da kwamfuta guda ta waya, sauran su aika ta hannun wannan kwamfutar. Haka nan firinta mai ɗaukar hoton takarda, sau da yawa bugu kaɗai ke bi ta akwati, ɗaukar hoto sai ta waya.

8. ABIN DA YA WAJABA GA HAKIMI DA MALAMI

Rigakafi ya fi magani. Kafin a yarda a sauya manhaja, malami ya buga shafin gwaji daga tsohuwar Windows, gama shafin yana nuna sunan direba da ƙofar da a ke bi. A kwashe takardun ofis cikin filashi. A buɗe shafi cikin rajista a rubuta sunan firinta da lambarta, da lambar akwati, da ƙofa, da sunan layi, da ranar da aka yi aikin. Kalmar sirri kuwa a ajiye ta inda a ke ajiye hatimi.

In an kira mai gyara, daga Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ya yi karatu ko daga wani wuri, a cikin ofis zai yi aikinsa, malami na tsaye. Kada a sallame shi sai an kashe kome, an sake kunnawa, takarda ta fito daga ko wace kwamfuta. Sa'an nan malami ya maimaita matakan da hannunsa sau ɗaya a gabansa.

Hakimi ba sai ya taɓa kwamfuta ba, amma ya iya tambaya. Idan aka ce masa firinta ta lalace a ba da kuɗin sabuwa, ya tambayi abu uku: ta buga shafin kanta? Ta buga ta waya? Akwatin ya amsa sallama? Amsoshin nan za su nuna inda ɓarnar ta ke, su tsare kuɗin ofis, su kuma sa talaka ya koma gida da takardarsa ran da ya zo.