Jaridar Boston Phoenix: Tasowarta da Durƙushewarta

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi nazarin tarihin wata jaridar mako-mako da aka yi a birnin Boston na ƙasar Amurka, wato Boston Phoenix. Manufar darasin ita ce ɗalibi ya fahimci dangantakar da ke tsakanin 'yancin jarida da hanyar da take samun kuɗin shiga.

2.0 Nau'in Jaridar

Daga shekarun 1950 zuwa na 1970, an sami ɓullar wasu jaridu a manyan biranen Amurka waɗanda suka zama tamkar kishiyoyi ga manyan jaridun kullum. Irin waɗannan jaridu kan fito sau ɗaya a mako, kuma sukan mayar da hankali ga siyasar gari da kiɗa da fina-finai da wasan kwaikwayo da littattafai. Marubutansu ba sa ɓoye ra'ayinsu, sukan kuma taɓo batutuwan da manyan jaridu ke kawar da kai daga gare su. Mafi yawan masu karanta su matasa ne da ɗalibai, Boston kuwa gari ne mai yawan jami'o'i.

3.0 Kafuwa da Bunƙasa

Asalin jaridar wata 'yar ƙaramar takarda ce mai suna Boston After Dark, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1966, tana sanar da jama'a wuraren nishaɗi. A 1972 mai ita, Stephen Mindich, ya sayi abokiyar hamayyarta, Cambridge Phoenix, ya haɗe su wuri ɗaya da sunan Boston Phoenix. Ma'aikatan da wannan ciniki ya raba da aikinsu suka kafa tasu jaridar mai suna The Real Paper, aka ci gaba da gasa har zuwa 1981 da ita ma ta rufe.

Jaridar ta yi fice wajen sharhi da tarke. A 1994 mai yi mata sharhin kiɗa, Lloyd Schwartz, ya ci lambar yabo ta Pulitzer. Haka nan ta yi suna wajen bin diddigi. A 2001 wakiliyarta Kristen Lombardi ta wallafa rahotanni a kan yadda shugabannin cocin Katolika na Boston suka rufa wa wani limami asiri bayan an zarge shi da lalata yara. Wannan ya riga shahararren binciken da jaridar Boston Globe ta fara bugawa a watan Janairun 2002, wanda ya kai ga murabus ɗin Kadinal Bernard Law a ƙarshen wannan shekara.

4.0 Dalilan Durƙushewa

Ba da kuɗin masu karatu jaridar take rayuwa ba, da kuɗin talla take rayuwa, musamman ƙananan tallace-tallace na gidan haya da neman ma'aikata da sayar da kaya. Da yake masu waɗannan tallace-tallace suna da ɗimbin yawa, babu wani guda ɗaya da ya isa ya juya akalar jaridar. Wannan shi ne ginshiƙin 'yancinta. Amma da intanet ta bunƙasa, sai dandali irin Craigslist, wanda ya shiga Boston a 2000, ya riƙa ɗaukar irin waɗannan tallace-tallace, galibi kyauta. Karyewar tattalin arziki ta 2008 kuma ta ƙara rage tallan manyan kamfanoni.

An yi ƙoƙarin ceto ta. A 2012 kamfanin ya sayar da tashar rediyonsa ta WFNX, ya kuma mayar da jaridar mujalla mai suna The Phoenix. Duk da haka hakan bai cim ma ruwa ba. A ranar 14 ga Maris, 2013, aka sanar da rufe ta. A 2015 aka miƙa tsofaffin fitowarta ga Jami'ar Northeastern domin amfanin masu nazari.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ingancin rubutu da farin jini ba su isa su raya jarida ba, matuƙar hanyar kuɗinta ta toshe. Sannan idan irin wannan jarida ta mutu, gari yakan rasa mai tono abin da manya suka binne, matasan marubuta kuma su rasa fagen koyon aiki.

6.0 Auna Fahimta

1. Kawo siffofi uku da suka bambanta irin wannan jarida da jaridun kullum.
2. Yi bayanin yadda ƙananan tallace-tallace suka kare 'yancin Boston Phoenix.
3. Tattauna rawar da intanet ta taka wajen durƙushewarta.