Yadda Ake Zama da Akun da Aka Ceto a Ƙasar Adar

Aku mai toka-toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne, daga Gana zuwa Kamaru da Kwango, inda ruwa ba ya yankewa na dogon lokaci. In ka gan shi a Allakaye ko Buza ko Madawa, hannun mutum ya kawo shi, galibi cikin kayan ɗan cirani. An kamo shi daga cikin garkensa, an yanke masa fiffike, ya yi kwanaki a kwali. Daga baya mai shi ya gaji da ihu da cizo, ya yar da shi a bayan ɗaki, sai wani mai tausayi ya karɓa. Kai da ka karɓa, ka sani yawancin abin da ake kira mugun halin aku tsoro ne da kaɗaici, kuma duka ba ya gyara ko ɗaya.

Mataki na farko, ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka shaida musu. Tun taron yarjejeniyar CITES na 2016 aka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, Nijar kuma tana da dokarta ta 1998 a kan farauta da kare namun daji. Su za su ce ka riƙe shi ko ka miƙa. Kada ka sake shi da sunan ƴanta shi: a duwatsun Adar ba zai sami abincinsa ba, shaho ko ƙishirwa za su gama da shi. Tsirya, koriya mai doguwar wutsiya, ita ƴar Sahel ce, ana iya mayar da ita daji in fiffikenta ya warke.

Daga nan sai likitan dabbobi. Ka ware tsuntsun wata guda cur, nesa da kaji da zabi da tantabaru. Akwai cutar aku da ke kama mutum ta ƙurar busasshen kashinsa, tana zuwa da zazzaɓi da tari. Saboda haka a yayyafa ruwa kafin a share ƙarƙashin kejin, a wanke hannu, kuma kada a ba shi abinci baki da baki.

Mataki na biyu shi ne mazauni. Keji ya zama yana iya buɗe fukafukansa duka biyu ba su taɓa waya ba, wayar kuma ba mai tsatsa ko fenti mai ɓarewa ba, don zai ɗanɗana ta. A jingina gefe ɗaya da bango, a ɗaga shi daidai ƙirjin mutum, inda yake ganin mutanen gida amma mage da yara ba sa kai masa. Sa masa rassan tsamiya ko na gwaiba masu kauri daban-daban. Tumfafiya guba ce. Hayaƙin murhu, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk suna illata huhunsa fiye da yadda suke yi wa mutum. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke wuce digiri 40, kada a bar shi ƙarƙashin rufin kwano. In ka ga ya buɗe baki yana haki, fukafukai a sake, kai shi inuwa ka fesa masa ruwa. Hantsin safe kuwa yana buƙatarsa, don ƙashinsa. Da dare a ba shi duhu da shiru na awa 10 zuwa 12.

Na uku, abinci. Gyaɗa zalla ita ta kashe aku da yawa a hankali: mai ya yi yawa, in kuma ta yi fumfuna tana lalata hanta. Ka haɗa masa gero, dawa, masara, dafaffen wake, da karas, kabewa, dankali, mangwaro, gwanda da ganyen zogale. Irin wannan akun yana yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙashi har ya riƙa faɗuwa yana karkarwa, don haka a daka ɓawon dafaffen ƙwai a barbaɗa masa kaɗan. Albasar da Madawa da Galmi ke alfahari da ita ba ta shiga kwanonsa. Haka goro, shayi, kofi, cakulan, fiya da duk abu mai gishiri. Ana yawan miƙa wa aku goro don nishaɗi, a daina.

Na huɗu, a nan aikin yake: samun yardarsa. Makon farko kada ka sa hannu cikin keji sai don sauya ruwa da abinci. Zauna gefe, ba ka zura masa ido ba, kana magana ƙasa-ƙasa. In ya yi gurnani ya manne a lungu, ka matso da yawa, ja baya har ya natsu, gobe ka ƙara taku ɗaya. Ka lura da abin da ya fi so, ko ƙwayar gyaɗa mai kyau ko ɗan dabino, ka cire shi daga kwano ya zama lada, daga hannunka kawai yake samu. Da ya fara karɓa ta tsakanin waya, kawo sanda ka riƙe ta daidai ƙirjinsa, ka ce "hau". Ya ɗora ƙafa ɗaya, ba shi lada nan take, kafin ka ƙirga biyu. Minti biyar, safe da yamma, ya isa. Wani mako uku zai hau hannu, wanda aka daka kuwa sai ya yi shekara, kuma hakan ba laifinsa ba ne.

Cizo ba ya zuwa ba sanarwa. Ƙwayar idonsa za ta riƙa ƙanƙancewa tana buɗewa, gashin wuya ya miƙe, ya sunkuyar da kai baki a buɗe. Ka ga haka, janye hannu. In har ya cije ka, kada ka yi ihu ko ka yarfar da shi. Ajiye shi a kan reshe, ka juya baya minti ɗaya. Shafa kuwa ta tsaya a kai da wuya, shafar baya da ƙarƙashin fiffike tana tayar masa da sha'awar barbara, ya koma kishin kowa a kanka. Don kada ya zama na mutum ɗaya, uwargida da manyan yara su ma su riƙa ba shi lada, musamman in kana da niyyar tafiya cirani bayan girbi. Tsuntsu ne da ke iya kai shekara 40 zuwa 60.

Kukan asuba da na almuru kiran ƴan'uwa ne, ba a hana shi. Na tsakar rana kuma nemanka yake. In kana rugowa duk lokacin da ya tsala ihu, ko da tsawa za ka yi masa, ka koya masa cewa ihu na kawo ka. Zaɓi fito guda ɗaya, ka riƙa amsa masa da shi daga duk inda kake cikin gida. Ya yi ihu, yi kamar ba ka ji ba. Ya yi fito ko ya yi shiru, zo da lada. Kwanakin farko ihun ƙaruwa zai yi, ka gaya wa maƙwabta tun da wuri.

Figar gashi ta fi komai tayar da hankali. Duba kansa: in gashin kai lafiya lau, ƙirji da cinya ne suka zama tsirara, shi ke fige kansa. In har kai ya sanƙe, ko baki ya lalace, cuta ce, koma wurin likita. Mai figar kansa yana buƙatar wanka kullum, musamman da hunturu lokacin da iska ke busar da fata, a yi shi da hantsi don ya bushe kafin sanyi. Sannan a ba bakinsa aiki. A daji yini yake yana neman abinci, a keji minti goma ya ƙoshi. Rataya masa zangarniyar gero, ba shi goriba ya gwagwiya, ƙulle ƙwaya cikin ganyen kaba ya kwance da kansa. Kada a shafa masa barkono, maɗaci ko man shafawa, kuma kada a yi masa magana daidai lokacin da yake figa. Sabon gashi yana ɗaukar watanni kafin ya rufe jiki, wurin da aka daɗe ana figa kuma wani lokaci ba ya sake tsirowa. A irin wannan hali a riƙa rufe gefen kejin da zane a daren Disamba da Janairu.