Amsoshin Tambayoyinku: Ta Yaya Ake Gane Lafiyar Kankare a Tashar Lantarki?

Tambaya: Ni birkila ne a Gwaram, amma aiki yakan kai ni Birnin Kudu da ƙauyukanta. Na sha zuba dakalin taransifoma da gindin ƙarafan sola. Tun da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, abin yake min yawo a rai. Mu masu zuba kankare mun san da zarar ya kama, babu mai ganin cikinsa. To su injiniyoyin tashoshi irin su Tiga da Kainji, ta yaya suke sanin ginin yana nan da ƙarfinsa bayan shekaru masu yawa? Kuma akwai abin da irina zai ƙaru da shi?
Daga wani mai karatu, Gwaram

Amsa: Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka.

Bari mu fara da Tiga, don mutane da yawa suna ɗauka katangar siminti ce. Ba haka ba ne. Dam ɗin da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako, tarin ƙasa ne da aka daddaɓe, haka ma na Challawa da aka gama a 1992. Kankarensu yana wurare ne na musamman: mafitar da rarar ruwa ke bi, hanyoyin da ke kai ruwa ga injuna, da ginin da injunan ke zaune a ciki, irin na tashar megawat 10 da gwamnatin Kano ta kafa a Tiga. Inda za ka ga kankare jingim shi ne tsakiyar dam ɗin Kainji na 1968, da Zungeru mai megawat 700. Kowane iri da yadda ake duba shi.

Babban makashin kankare mai rodi shi ne tsatsa. Sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa, kaifin nan ne ke hana rodi tsatsa ko da akwai laima. Amma iska tana ratsa ƙananan ƙofofin kankare a hankali, shekara da shekaru, tana kashe kaifin daga waje zuwa ciki. Ran da ta isa ga rodi, kariya ta ƙare. Ƙarfe kuwa idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ninka girmansa, sai ya tura kankaren da ke kansa. Da farko za ka ga tsaga ta miƙe daidai inda rodi ya bi, sai jan ruwa ya fara zubowa, daga nan ɓawo ya ɓalle. Duba gindin tsofaffin falwayoyin siminti a bakin hanya, za ka ga matakan nan duka. Idan da gishiri a yashi ko a ruwan kwaɓi, abin ba ya jiran shekaru da yawa.

Akwai wata cutar da ta fi wannan wuyar sha'ani, domin ba ta buƙatar rodi. Wasu duwatsun ba sa jituwa da kaifin siminti. Idan aka yi tsakuwa da su, kuma laima ta zauna, sai wani abu mai yauƙi ya taru a jikin tsakuwar, ya sha ruwa, ya kumbura ginin gaba ɗaya. Wani injiniya Ba'amurke, Thomas Stanton, shi ya bayyana ta a 1940. Alamarta tsage-tsage ne a warwatse ta ko'ina, ba su bin layi. A tashar Mactaquac ta Kanada, wadda ta fara aiki a 1968 kamar Kainji, kumburin ya kai ana yanka ginin da wayar lu'ulu'u don a sama masa wurin motsi, kada ya matse injuna. An same ta a Cahora Bassa ta Mozambik, an kuma same ta a tashar nukiliya ta Seabrook a Amurka. Ba a warkar da ita, lallaɓawa ake yi.

Ta uku kuma, ku mutanen Gwaram ba sai an ba ku labari ba. A Agustan 2021 ruwan sama ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Basirka, mota ta afka, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Sau da yawa a irin wannan, kankaren lafiyarsa ƙalau, ƙasar da yake zaune a kai ce ruwa ya rarake. A 2017 mafitar ruwan dam ɗin Oroville a Amurka ta fashe saboda ruwa ya shiga ƙarƙashin shimfiɗarta, har aka kwashe mutane kusan 188,000 daga gidajensu. Ƙasa mai kuɗi da kayan aiki ke nan.

Yanzu ga yadda ake dubawa. Ido ne farko. Injiniya zai bi gini taku-taku, ya zana kowace tsaga a takarda, ya auna faɗinta. A yawancin ƙa'idoji, tsagar da ta wuce milimita 0.3 a kankare mai rodi tana neman a tsaya a kanta. Sai guduma: a ƙwanƙwasa a saurara, kamar yadda uwargida ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta biya kuɗi. Ƙara mai zaƙi, lafiya. Ƙara mai kurma, fatar ta rabu da jiki ko da ido bai gani ba.

Daga nan na'urori. Akwai gudumar Schmidt, wadda wani injiniyan Suwizalan ya ƙera a 1948, tana bugun gini ta auna yadda ƙarfenta ya dawo da baya. Tana da arha da sauri, shi ya sa ake yawan fakewa da ita. Ni dai ban yarda da rahoton da ita kaɗai ya dogara a kai ba, domin fata kawai take ji, kuma fatar tsohon kankaren da iska ta ratsa takan fi cikinsa tauri. Sai ta ba ka lamba mai daɗi a wurin da rodi ke cikin haɗari. Akwai wadda ke aika sautin da kunne ba ya ji ta cikin bango, idan ya yi jinkirin fita an san akwai rami ko tsaga. Wata tana nuna inda rodi yake da kaurin abin da ya rufe shi, wata kuma tana nuna inda tsatsa ta fi yiwuwar ta kama.

Mai raba gardama shi ne a huda ginin a ciro curi. A fesa masa wani ruwan gwaji: inda kaifi yake da rai sai ya koma ruwan hoda mai duhu, inda ya mutu ba ya canza launi. Da rula za ka auna saura nawa iska ta taɓa rodi. Sannan a kai curin ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe, a san ainihin nauyin da yake ɗauka.

Manyan madatsun kankare suna da lunguna a cikinsu da mutum ke shiga. A can ake rataye igiya mai nauyi a ƙasa, irin wadda kake tsai da gini da ita, ana lura da yadda dam ke karkata idan ruwa ya cika da yadda yake komawa da rani. Ana auna ruwan da ke tsattsafowa. Babu dam ɗin da ba ya yoyo, don haka yoyon kansa ba ya tayar da hankali. Abin tsoro shi ne ya ƙaru alhali tafkin bai ƙaru ba, ko ya fara fitowa da laka, alamar yana tafiya da jikin dam ko ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Sassan da ke nutse kuwa masu ninƙaya ake turawa da kyamara.

A nan ne nake ganin muke da rauni, fiye da rashin na'ura. Awo ɗaya ba ya faɗin komai. Tsaga mai milimita ɗaya da ta shekara talatin a haka ba ta kai haɗarin siririyar da ta ninka cikin damina guda ba, kuma ba za ka bambance su ba sai da littafin da aka riƙa rubuta awo a ciki, ma'aikaci ya bar wa magajinsa. Idan tawaga ta zo daga Abuja da akwatunan na'urori bayan ruwa ya riga ya yi ɓarna, ba ta da abin da za ta gwama sakamakonta da shi.

Kai kuma, Malam, rabin aikin a hannunka yake tun ranar zubi. Kada rodi ya kwanta a ƙasa ko ya manne da katako. Ɗaga shi da biskit, ya samu kamar santimita 5 na rufi a aikin da ke taɓa ƙasa, ko abin da zanen ya nuna. Kada ka bari lebura ya ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin ɗiba, ruwan nan ne ke barin ƙofofin da iska za ta bi daga baya. Yashin da ka ɗebo a bakin kogin Bunga bayan ambaliya, duba shi, in da laka a wanke. Ka shayar da zubi aƙalla kwana 7, ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, musamman da hunturu da bazara, lokacin da iska ke tsotse ruwan kafin siminti ya gama kamawa. A babban aiki ka nemi a zuba samfur a kai gwajin kwana 28.

Idan tsohon aikinka ya tsage, kada ka yi saurin shafe shi da filasta. Ɗana ɗan farin siminti marar kauri a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka dawo bayan wata guda, sannan bayan damina. In ya tsage, ginin na motsi, a kira injiniya mai rajistar COREN. In kuwa dakalin taransifoma ne ko falwayar da ke ɗauke da wuta, kada ka matsa da guduma ko tef ɗin ƙarfe. Ɗauki hoto daga nesa ka kai ofishin KEDCO mafi kusa, su ne masu ikon kashe layin kafin a taɓa.